Gwiwar da Ta Yi Shiru

Ban daɗe da kama aikin jinya ba a wani asibiti a ƙasar Isa aka kawo ta. Ranar kasuwar Bafarawa ce, in ban manta ba, domin mai babur ɗin ya ce sai da ya sauke kayan wani kafin ya ɗauko su. Mace ce da ta haihu a gida da safe, haihuwarta ta uku, kuma jaririn lafiyarsa ƙalau. Bayan an yanke cibi ta ce kanta na sarawa, tana ganin wuta-wuta, sai jijjiga ta kama ta. Mijinta ya tallafo ta a bayan babur, mahaifiyarta ta biyo su a wani da jaririn a goye.

A makaranta a Sakkwato na haddace abin da ake dubawa kafin a ba da magani: ko wannan ne maras lafiyan, ko wannan ne maganin, nawa za a ba, ta wace hanya, a wane lokaci. Ni irin ɗalibar nan ce da kan karanta jikin kwalba, ta ajiye, ta sake ɗauka ta karanta, har ƙawaye su ce ko wasiƙar saurayi ce. Na san maganin jijjiga, wanda ake kira magniziyam, sani na takarda. Ban taɓa ganin aikinsa da idona ba sai ranar.

Babbar ma'aikaciyar jinya, wadda muke ce wa Matiron, ita ta yi allurar farko bisa umarnin likita. Ni ina riƙe da hannun matar, jikinta na fizga kamar zai karya gadon. Matiron ta tura maganin a jijiya sannu a hankali, sannun da har na ƙosa, sannan ta yi saura a ɗuwawu. Ruwa ne fari, ba ka bambanta shi da na randa. Ina ji a tafin hannuna yatsunta suka saki, haƙoranta suka daina cizon juna, numfashinta ya daidaita. Na san jijjiga kan lafa da kanta, saboda haka ba zan rantse cewa maganin ne kaɗai ba. Amma ba ta sake tasowa ba, ni kuwa na tsaya ina kallon kwalbar da babu komai ciki, tsigar jikina na tashi.

Aka sa mata robar fitsari, aka rataye ledar a gefen gado. Sai aka kira Matiron ɗakin tiyata, za a yi wa wata aiki.

"In awa huɗu ta cika ki ƙara mata," in ji ta. "Amma ki duba abu ukun nan tukuna. Faɗa mini su."

"Numfashi, gwiwa, fitsari."

"To. Kuma kada ki zo ki buga mana ƙofa don kwalba ta harare ki."

Dalilin abu ukun shi ne maganin ba ya da wata ƙofar fita daga jiki sai ƙoda. Idan fitsari ya tsaya, yana taruwa cikin jini. In ya taru, gwiwa ce ke fara yin shiru, ka buga ta ba za ta zabura ba. In aka ƙara a kan haka, abin da zai yi shiru na gaba shi ne numfashi. In kuma aka hana allurar babu dalili, jijjiga na iya dawowa, kuma ba kowace mace ke tashi daga ta biyu ba.

Lokacin ya cika gab da la'asar. Na zuƙi maganin a sirinji, na ajiye a faranti, na durƙusa in duba ledar. Babu komai a cikinta. A tsabtace take, har da alamar an ɗauraye bakinta.

Mahaifiyar na zaune a tabarma kusa da gadon tana jan carbi. Dattijuwa ce, matar malami, na ji daga baya ita ke biya wa matan aure karatu a garinsu. Mijin matar yana tsaye a bakin ƙofa.

"Inna, ledar nan akwai wanda ya taɓa ta?"

Ta dubi ƙofa, ta dubi carbinta. "Ni mi na sani, ɗiyata? Ban kula da wagga yarinya ba. Jinjiri ni ka jira."

Na sake tambaya, ta sake ba ni wannan amsar. Idan gaskiya ta faɗa, ƙodar ta tsaya cik ke nan. Idan wani ya zubar, wataƙila komai lafiya, ni ce nake jinkirta allurar da za ta tsare ranta. Na kusa tafiya in buga ƙofar tiyata, sai na lura idon Inna na ta komawa bakin ƙofa, inda mijin yake tsaye. A gidanmu ma haka ne. Uwa ba ta maganar ɗiyarta ta fari a gaban mutane, ko sunanta ba ta kama, balle maganar bawalinta a gaban suruki. Ban tabbata ɗiyar fari ba ce, zato na yi kawai.

Allah Ya taimake ni aka kira salla. Na ce wa mijin, "Malam, ka je ka samu jam'i, za mu gyara ta." Ya zura takalmi ya fita.

Ƙarar takunsa na ɓacewa Inna ta matso, ta rage murya.

"Ni na zubar. Da azahar na zubar, yanzu ma na ɗauraye."

"Inna, don me?"

"Don mi? Nan za ni salla. Ya za ni kai goshina ƙasa da najasa rataye bisa kaina? Ku ba a koya muku tsarki a makarantar taku?"

Ban yi mata musu ba. Laifin ba nata ba ne, ba wanda ya gaya mata cewa abin da ke cikin ledar shi muke jira mu gani. Na ɗan ji sanyi a raina, har na kai hannu ga farantin. Sai na tuna ban tambayi yawansa ba.

"Da kika zubar, ya kai nawa?"

"Kaɗan ne. Bai rufe gindin moɗa ba. Ja, awa ruwan shayi."

Sanyin ya tafi. Wannan bai kai abin da ake so ba, ko kusa.

Na ƙirga numfashin matar ina kallon agogo. Ya haura goma sha shida a minti, wanda shi ne iyakar da aka koya mana, amma da ƙyar. Na ƙirga kuma, na samu kusan haka. Saura gwiwa. Na sa hannuna ƙarƙashin ƙafarta na ɗaga, na buga ƙasan ƙoƙon gwiwar da 'yar gudumar roba. Ƙafar ba ta motsa ba. Na koma ɗayar, ita ma haka. Sai na fara zargin kaina. Wataƙila ba wurin nake bugawa ba. A makaranta ma sai an yi mini gyara.

"Inna, don Allah hau gefen gadon can ki saki ƙafarki."

"Ni kuma? Ni lahiyata lau."

"Na sani. Gwada hannuna zan yi."

Ta hau tana gunaguni, ta ja zane ta rufe ƙauri. Na buga. Ƙafarta ta yi tsalle har silifas ya fita.

"A'uzubillahi! Wa ya ɗaga ta? Wallahi ba ni ba ce!"

Matan da ke sauran gadajen suka fashe da dariya, wata ta ce, "Sista, zo ki gwada tawa ko za ta kai ni gida." Ni ban yi dariya ba. Hannuna daidai yake, gwiwar ɗiyarta ce ta yi shiru.

Har yau ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Matar nan ba ta magana, ba ta san inda take ba, ba mu da na'urar auna magani a jini. Amma Wanda Ya halicce ta Ya ajiye alama a gwiwa, a waje, inda ko ni mai watanni kaɗan a aiki zan iya kai hannu, kuma Ya sa gwiwar ta riga huhu yin shiru. Na dubi sirinjin da ke faranti. Shi ne ruwan da na gani ya kwantar da jikinta da rana, bai canza kala ba, bai canza suna ba, kuma da na tura shi a lokacin, mai yiwuwa shi zai ɗauke mata numfashi.

Na tafi na buga ƙofar tiyata. Matiron ta leƙo da ƙyalle a baki, na ga idonta na shirin faɗa.

"Gwiwa babu, fitsari kaɗan, numfashi a bakin iyaka. Ban yi ba."

Ta juya ta maimaita wa likita. Na jiyo muryarsa daga ciki yana cewa a dakata da allurar, a ci gaba da ƙarin ruwa a hankali, a ajiye kalsiyam kusa, wato maganin da ke warware wannan in numfashi ya sauka, kuma kada in bar gefen gadon.

Jiran ya fi komai wuya. Duk sanda fatar idonta ta motsa sai gabana ya faɗi, in ce jijjiga ce ta dawo, kuma ni na buɗe mata hanya. Na yi wa Inna bayanin ledar. Ta saurara, ta ce a zo a nuna mata inda za ta yi salla a baranda. Da ta idar ta dawo ta zauna daidai saitin robar, ba ta ɗauke ido daga kanta ba. Ni ina ƙirga numfashi, ina buga gwiwa, ina sake ƙirgawa.

Rana ta yi ja lokacin da Inna ta taɓa ni da carbi. "Sista, dubo." Ruwa na gangarowa cikin robar, ɗigo na bin ɗigo, kuma ya fara haske. Muka zuba masa ido kamar masu duban wata. Da ledar ta tara abin kirki na ɗaga ƙafar na buga. Ta ɗan motsa, motsin da na yi shakkar ko idona ne. Na jira, na sake bugawa. Diddigenta ya doki hannuna.

Matiron ta fito ta gwada da kanta, ta ƙirga numfashi, ta dubi ledar, ta je ta gaya wa likita, ta dawo ta ce in zuƙi sabo in yi. Na karanta kwalbar, na nuna mata ta karanta. Muka juya matar, na yi bisimilla na soka.

Ta ja ƙafa, ta buɗe ido, ta yamutsa fuska.

"Wayyo Allah, wagga allura da zahi take," in ji ta. Ta bi ɗakin da kallo, ta dubi silin, ta dube ni. "Ina ne nan? Mi na haihwa?"