Tofin Alhaji a Ɗakin Wankin Ƙoda

Ku da kuka kama aiki bayan korona ta lafa, kullum kuna tambayata me ya sa nake da zafi a kan 'yan dubiya. To, ku zauna ku ji. Akwai wata Talata da har yau ba ta bar raina ba, a shekarar da cutar ta shigo mana Damagaram, ana tsakiyar zafin bazara.

Lokacin ina aikin jinya a ɗakin wankin ƙoda. Ga wanda bai sani ba, in ƙodar mutum ta daina aiki sai an jona shi da mashin, jininsa ya fita ta tiyo a tace shi ya koma. Haka zai kwanta rabin yini, sau biyu a sati, kuma ba shi da ikon cewa yau ba zan zo ba. Da yawansu ciwon suga ne ya cinye musu ƙodar, jikinsu ba shi da ƙarfin faɗa da cuta. Abin da zai kwantar da mai lafiya kwana biyu, su kushewa yake kai su. Shi ya sa lokotoro, wato likitanmu, ya kafa doka: ba mai shiga sai ma'aikaci da mara lafiya, kowa da takunkumi.

Cikin marasa lafiyarmu akwai Malam Habu, mai lambu daga Gidimuni. Ban taɓa ganin mai jin magana irinsa ba. Ya baro lambunsa ya tare a nan Damagaram da matarsa Zuwaira, don kada ya riƙa cuɗanya a motar haya. Ya daina zuwa kasuwa. In an miƙo masa hannu sai ya dafe ƙirji ya ce a yi haƙuri.

Ranar yana kan mashin sai ga yayansa, Alhaji Sani, babban ɗan kasuwa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Dawowarsa ke nan daga tafiya. Tun daga nesa na ji tarinsa, ga ido jajur, takunkumin kuma yana ƙarƙashin haɓa kamar gemun aro. Na tare ƙofa.

"Alhaji, ka yi haƙuri, ba a shiga."

"'Yata, ƙanina ne ciki. Addu'a zan yi masa in fito."

"Ka yi ta daga nan, Allah yana ji. Kuma tarin nan naka, ka je a auna ka."

Ya ce ruwan sanyi ya sha a hanya, kuma bai yarda da wannan cuta ta rediyo ba. Muna cikin haka sai ga manjo, wato shugabanmu na ma'aikatan jinya. Ya gaida Alhaji har da rusunawa, ya ja ni gefe.

"Rabi, babban mutum ne. Minti biyu kawai, kada ki ba mu kunya."

"Manjo, dokar lokotoro ce."

"Lokotoro ba ya nan, ni ne nan. Kauce."

Ban kauce ba. Manjo ya ture hannuna daga ƙofar ya shigar da shi da kansa.

Kun san al'adarmu. Babba in ya zo dubiya sai ya dafa goshin mara lafiya, ya karanta, ya tofa masa. Alhaji ya sunkuya har numfashinsa yana dukan fuskar ƙaninsa, ya ja masa takunkumi ƙasa wai don tofin ya same shi, ya karanta, ya tofa, ya yi tari, ya sake tofawa. Malam Habu hannunsa na jone da tiyo. Ni ya juyo yana kallo, ni kuwa manjo ya tare mini hanya.

Sati bai cika ba zazzaɓi ya rufe Malam Habu. Sugansa ya haura ya ƙi sauka duk da allura, numfashi ya gagara. Aka auna, korona ce. Aka auna Alhaji, shi ma ita ce. Ba zan rantse cewa tofin ne kaɗai ba, Allah ne masani, amma mutumin da ba ya gaisawa da kowa, ku gaya mini ina ya samo ta? Sai da muka ware shi, muna yi masa wanki shi kaɗai bayan kowa ya tashi, sauran marasa lafiyar kuma kowanne ya koma gida da fargaba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba a wannan karon ba. Alhaji ya yi kwanakinsa a kwance ya miƙe ya koma kanti. Malam Habu bai tashi ba.

Na je yi wa Zuwaira ta'aziyya. Daga zaure ina jin muryar Alhaji yana ce wa mutane kwana ne ya ƙare, kuma ya gode Allah da ya samu ya yi masa addu'a. Ban musa kwana ba, amma da ƙyar na haɗiye abin da ya zo mini baki. Zuwaira ta kama hannuna ta ce, "Madam, da muka koma gida ranar, cewa ya yi, 'Na ji zafin hannun Yaya a goshina, na san ba lafiya gare shi ba. To yaya zan ce wa wanda ya raine ni ya matsa?'"

Abin da na koya ke nan, kuma ku riƙe shi. Mara lafiyarmu ya san haɗarin sarai, sau da yawa ya fi mai dubiyar sani. Kunya ce ba za ta bar shi ya kori yayansa ko surukinsa ko limamin unguwarsu ba. Mu da ba mu haɗa komai da su ba, mu aka ajiye a ƙofar don mu faɗi abin da ba zai iya faɗa ba. In an ce muku marasa kunya, ku amsa. Ranar da manjo ya ji kunyar Alhaji, Malam Habu ne ya rasa mai yi masa magana.