Robobin Farfesa Tsaye

Kawuna farfesan zane ne, amma a jami'a Tsaye ake ce masa, don shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa ganinsa a kan kujera. A tsaye yake koyarwa, a tsaye yake cin abinci, yana zaga ɗakin zane kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ko gaishe shi ka zo, sai ka haɗa da sassarfa.

Dokarsa ɗaya ce. Ranar farko yakan bi ɗalibai da gwangwani ya karɓe robar goge fensir ta kowa. "Layin da ka ja, ka ja shi," yakan ce. "Gyara na gaba." Wanda ya kammala karatu kuma sai ya yi ƙaramin zane da fensir a bangon ɗakin ya bari. Bangon nan ya fi masa gidansa, matarsa ma ta daɗe da haƙura.

Sai zamani ya juya. Yara suka koma zane a kwamfuta, inda maɓalli ɗaya ke share kuskure, ajin mutum sittin ya koma tara. Aka haɗe sashensa da wani, aka aiko takarda cewa za a zuba kwamfutoci a ɗakin, a shafe bangon da fenti kafin Litinin. Kawu ya bi ofis-ofis har takalminsa ya suɗe. Kowa sai ya ce, "Farfesa, zauna mana mu yi magana," shi kuwa ina ya iya!

Ran Asabar ya kira ni. "Ɗiyata, zo ki riƙe min tsani. Mai fenti ba zai taɓa min bango ba, ni zan goge da hannuna."

Ya buɗe gwangwanayen da ya tara robobin ɗalibai a ciki, ya hau tsanin. Ashe robobin sun bushe kamar tsakuwa. Ya goga, zanen ya ƙi fita. Ya jefar ya ɗauki wata, ya ɗauki wata, gumi na zuba, har na ji haushin jami'ar da duk masu sa hannunta.

"Kawu, don Allah sauko haka nan."

Ya sauko yana dariya. "Kin gani? Su ma sun ji karatu."

Daga nan ya jawo kujera ya zauna yana fuskantar bangon. Wallahi gara min da kuka ya yi.

"Je ki kira mai fentin," ya ce, bai ko waiwayo ba.