Kawu Ilu da Giya ta Biyu

Duk wanda ya zauna unguwar Manfuha ta Riyad a shekarun casa'in ya san Kawu Ilu ba ya tayar da mota ya tafi. Sai ya kunna ta, ya zagaya ta da tsumma, yana taɓa kowace taya da bayan hannu, wai tana tara tururi.

"Kawu, fetur fa take sha," in ce masa.

"Ita ta faɗa maka?"

Yayan mahaifiyata ne, ɗaki ɗaya muke. A gida ya daɗe yana tuƙa wani ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa mai cin kwal a harabar kamfanin siminti, aikinsa jera taragu. Gwaggo ya sa masa suna. Giya da sarƙa ke juya ƙafafunta, mai keke ma yana wuce ta, amma ba nauyin da ya gagare ta. Da injin dizal ya zo aka yanka Gwaggo aka sayar da ƙarfen, shi kuma ya taho Riyad tuƙin motar wani Balarabe.

To, tuƙin Gwaggo ya kawo wa Larabawa. Kafin ya yi baya sai ya danna hon sau biyu, ko da ba kowa a layin. A babban titi kuwa giya ta biyu ce iyakarsa. Kafili, wato Balaraben da ya ɗauko shi, ya yi ta "yalla" don ya ƙara wuta har ya gaji, ya rantse in iƙama, takardar izinin zamansa, ta ƙare ba zai sabunta ba. Hankalina ya tashi, don Kawu ba shi da abin komawa gida.

"Kawu, don Allah ko ta uku ka gwada."

"Ka taɓa jin an ɗaure mutum don ya iso lafiya?"

Saura mako guda iƙama ta ƙare suka fita sahara shan iska da iyalan kafili. Motar jif ta ɗan kafili ta nutse a rairayi, samari suka yi ta taka wuta tana ƙara binnewa. Kawu ya ɗaura ta da igiya a bayan tasa motar, ya danna hon sau biyu, ya sa giya ta ɗaya. Kamar wasa ta fito.

An sabunta iƙama. Kafili ne ya koyi fita da wuri.

Ranar da ya rasu, Larabawan nan suka ɗauki makararsa da saurinsu na al'ada, ina binsu ina haki. Sau ɗaya ke nan Kawu ya yi gudu a Riyad, kuma ba shi ke tuƙi ba. Na yi kewarsa sosai. Allah ya jiƙansa, ya sauke shi lafiya.