Baba Tela da Koren Bokiti

Baba Tela ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keken ɗinki, har zare ya daina shiga masa allura. Bayan rasuwar matarsa ya rufe shago, ya ci gaba da zama shi kaɗai a ɗakinsa na saman bene. Yanar ido ta fara rufe masa gani, amma bai faɗa wa kowa ba. Ya san halin 'yarsa. Ranar da ta ji, ranar za ta kwashe shi zuwa gidan mijinta, a jingine shi a ɗakin baƙi kamar tsohuwar katifa.

Ana nan sai hukumar tsafta ta fito da sabuwar doka. Aka raba wa kowane gida bokiti biyu: kore na ragowar abinci da za a kai a yi taki, baƙi na sauran shara. A koren ban da leda, ban da ƙashi, ban da mai. Wanda ya gauraya a manna masa jar takarda a ƙofa, in ya sake jami'i ya shigo har ɗaki ya duba.

A idon Baba Tela kuwa kore da baƙi duk ɗaya ne. Ya ɗaura wa ɗaya tsumma a mariƙi, ya riƙa tsince ɓawon albasa da na ƙwai da yatsu, yana shafawa ko zai ji santsin leda. Duk da haka wata safiya maƙwabciyarsa Maman Tagwaye ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, ina kwana. Ka ga abin da suka manna maka kuwa?"

"Na gani mana," in ji shi. Sai da ta wuce ya lalubi ƙofar ya ji takardar.

Daga ranar ya daina sauke bokitin. In ya ji ƙarar motar shara sai ya ƙame a tsakiyar ɗaki. Jami'i zai shigo, ya miƙo masa takarda ya ce ya karanta, asirinsa ya tonu. Ya rage girki don kada ɓawo ya taru. Wanda ya taru sai ya ƙulle a ragowar yadi, ya cusa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ƙulle-ƙullen suka fara tsiyaya. Ƙudaje suka cika kicin, yana jinsu a fuskarsa. Rannan ya zura hannu zai cusa wani, sai wani abu mai ɗumi da gashi ya bi ta kan yatsunsa. Ɓera ne. Ya yi baya da ihu har ya bugi bango. Bai ƙara shiga kicin ba, ya koma cin burodi a bakin gado.

Wari ya fita har matattakala. Maman Tagwaye ta yi ta ƙwanƙwasa, shi kuma ya yi tsit, ya zaci jami'in ne ya zo. Hankalinta ya tashi, ta kira 'yarsa a waya tana kuka, ta ce tana tsoron gawa ce a ciki.

Da azahar ya ji ana dukan ƙofar da ƙarfe. Ya takure a gado yana salati. Ƙofar ta ɓalle, 'yarsa ta faɗo ciki.

"Baba! Kana da rai? Me ya sa ka ƙi amsawa?"

"Ku yi haƙuri, ranka ya daɗe, zan gyara," ya ce, yana kallon gefen labule.

Ta dubi inda yake kallo, ba kowa a wurin. Sannan ta durƙusa ta kama hannunsa. "Baba, ni ce. Ga ni nan, ba can ba."

A asibiti aka yi masa aikin ido. Na hagu ya buɗe, na dama an makara. Ya yi jinya a gidanta, suka sha rigima, a ƙarshe ya dawo ɗakinsa da sharaɗin Maman Tagwaye za ta riƙe makulli ɗaya. Har yau yana yi wa 'yarsa mita a kan ƙofar da aka ɓalla, wai kafintan da ta kawo ya gyara bai iya aiki ba.