Daddawar Mutanen Tailan

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya sauka Alƙahira da yana a idanunsa biyu, da ƙullin daddawa da kuka a jaka. Ƙullin bai wuce filin jirgi ba. Wani ma'aikaci ya kwance, ya sunsuna, ya toshe hanci, ya jefa a kwandon shara, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Lokacin ina shekara ta uku a karatu, ina zaune a unguwar Ard al-Liwa tare da ɗalibai huɗu 'yan gida, kuma kayan miyar da muka zo da su sun daɗe da ƙarewa.

Kwana huɗu Kawu bai ci abin kirki ba. Na kawo masa ful, dafaffen waken da Misirawa ke karyawa da shi, ya ce an manta ba a gama dafawa ba. Na kawo miyar lalonsu, ya kurɓa sau ɗaya ya ture, ya ce ruwan wanke tukunya ne. Shayi kawai yake sha da ɓallin gurasa. Ranar Talata wani likitan ido a unguwar Dokki ya duba shi, ya ja ni gefe ya ce ranar Asabar zai yi aikin, amma in dattijon ya dawo jiki na rawa haka, ba zai taɓa shi ba, sai dai mu koma gida. Kawu tela ne. In ya koma da yanarsa, shi da allura sun rabu ke nan.

Akwai wani abokin karatuna, Musulmin kudancin Tailan, gajere, maras yawan magana, yana zaune da matarsa a unguwar Abbasiyya, tsallaken kogi. Ranar da na fara shiga gidansu na tsaya cak a kan matakala, don warin da ya tare ni na ɗakin girkin kakata ne. Daga baya ya nuna mini kwalbar: jatan lande ne ake dakawa da gishiri a bar shi ya daɗe. Ni dai daddawa na ji. Na yanke shawarar can zan kai Kawu.

Babbanmu a gidan, wanda muke kira Ustaz, ya shekara tara a Masar, kuma yana da dokoki biyu ga duk baƙon da ya zo daga gida: ba ya hawa bas, ba ya cin abinci sai namu ko na Misirawa. Da ya ji niyyata sai ya ajiye littafin hannunsa.

"Mutanen nan ka san abin da suke jefawa a tukunya?"

"Na sani, Ustaz. Na ci. Sahu ɗaya muke sallah da shi, kuma ya fi mu hadda."

"Ka ɗauki makahon dattijo ka cusa shi a bas ɗin Alƙahira? Khalas, shi ke nan, in ka fita da shi, ni zan rubuta wa mutanen gida da hannuna."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum na bushewa a gabanmu, shi yana gadin doka. Na ce ya rubuta, in ba shi da kan sarki zan ba shi. Na shafa wa idona toka, na ɗauko takalman Kawu.

Ba ganganci na yi ba, na san garin. A wancan zamanin ba a haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tukuna, kuma masu tasi in ka ambaci tsallaken kogi sai su kaɗa maka yatsa su wuce. Bas kuwa a kan hanya ba ya tsayawa, rage gudu yake yi, mutane na lilo a ƙofa. Wanda ya san kan abin ba ya tarar sa a hanya. Tasharsa ta farko ake zuwa, inda yake tsaye wayam, a shiga ta ƙofar baya, a zauna kusa da taga. In za a sauka a matsa gaba tun da saura tasha biyu, a fuskanci inda motar ta dosa. Tsallake titi ma ba a jiran motoci su ƙare, don ba sa ƙarewa. Sai ka nemi wata dattijuwa Bamisiriya mai kwando, ka manne a gefenta, ta taka ka taka. Haka muka yi, Kawu riƙe da kafaɗata. Da muka kusa, na gaya wa kwandasta Kawu ba ya gani, ya daka wa direba tsawa, aka tsayar da motar cik, mutum uku suka sauko da shi kamar ƙwai.

A kan matakala Kawu ya ja ya tsaya, ya ɗaga hanci.

"Kai, ɗan nan, wa ke da daddawa a nan?"

Aka shimfiɗa tabarma, aka jera shinkafa fara, soyayyen kifi, gurji, romo mai tsami, da wani ɗan ƙaramin kwano na dakakken barkono da daddawar tasu da lemun tsami. Tun a hanya na yi wa Kawu bayani. Su ba sa malala miya a kan abinci. Kwanonin tsakiya na kowa ne, kaɗan ake ɗiba, a ci, a sake ɗiba. Ƙaramin kwanon kuwa dangwala ake yi. In yaji ya kama ka kada ka bi shi da ruwa, shinkafa zalla za ka ci ko gurji. Ya ce to, to, irin to ɗin da manya ke yi wa yara.

Ya laluba, hannunsa ya faɗa kan ƙaramin kwanon, ya sunsuna, ya juye shi kaf a kan shinkafarsa kamar miya a kan tuwo. Rabon mutum huɗu ne. Matar gidan ta dafe baki. Kawu ya yi bisimilla ya kai loma.

Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula, hawaye na bin gemu. Na miƙa masa gurji, ya buge hannuna.

"Ni za ka koya wa cin yaji? Tun ba a haifi uwarka ba nake ci."

Abokina ya tambaye ni da Larabci ko dattijo lafiya. Kawu ya tsinci kalma ɗaya da ya koya a kwana huɗu, ya ce, "Tamam!" wato lafiya ƙalau. Ya suɗe kwano, ya nemi ƙari. Ni ma sai na ji nawa idon ya cika, kuma ban taɓa barkonon ba.

Kullum sai da muka koma har ranar Juma'a. Asabar aka yi aikin. Ustaz kuwa ya cika alkawari, wasiƙarsa ta riga Kawu isa gida, kuma wata biyu ba ya amsa mini gaisuwa sai da ka. Ban ba shi haƙuri ba, har yau ban ga laifin da na yi ba.

Da hutu ya zo Ustaz ya je gida, ya biya ya gaida Kawu a shago, ya same shi yana zura zare a allura da kansa. Ya dawo da wani ƙulli da aka naɗe cikin tsumma uku aka ɗinke bakinsa, yadda hancin ma'aikacin filin jirgi ba zai kai ba. Na miƙa hannu, ya janye.

"Ba naka ba ne. Ya ce amana ce, in kai wa gajeren nan da hannuna, in ce ya ɗanɗana tamu daddawar."

Ya juya ƙullin a hannunsa.

"Wane bas ne ke zuwa Abbasiyya?"

Na ce, "Ustaz, ta ƙofar baya ake shiga. Kuma kada ka ci komai kafin ka tafi, don ba za su bar ka ka fito ba ka ci ba."