Ranar Da Na Dafa Kan Sa Na Kasa Ci

Duk wanda ya san ni a Wudil a shekarun da kuɗin mai suka fara zubowa ƙasar nan kamar ruwan marka, da abu ɗaya ya san ni: ci. Ina saurayi a lokacin, ina aikin malamin gona, an yi mana ƙarin albashi, na sayi jan babur mai ƙara kamar injin niƙa. In na tafi duba gonaki a Kausani ko Ɗankaza, matan gari na jin ƙararsa daga nesa sai su ƙara tsaba a turmi. A gidan biki kuwa ba a jiran kowa ya ce bismilla, hannuna ake kallo. Ni ne farkon shiga kwano, ni ne ƙarshen fita.

A shekarar ne Baba ya tafi aikin Hajji. Kowa na tafiya a lokacin, har mutanen da ba su taɓa wuce Kano ba sai ka ji an ce sun hau jirgi. Da saƙo ya zo cewa ranar Asabar zai sauka, gidanmu ya kacame. Inna ta tara mata, ana jiƙa shinkafar waina, ana dakan alkama, ana wanke manyan tukwane. Kawuna, yayan Inna, ya taso daga Indabo tare da 'yarsa, taubashiyata, wadda Allah ya hore wa baki da murya. In ta ƙaga wa mutum waƙa a kan turmi, to, ta bi shi ke nan. Akwai wani mai awo da ta taɓa yi wa, har ya tsufa mata na daka da sunansa.

Na shigo tsakar gida ina leƙa tukwane, sai ta ɗago kai daga tankaɗe.

"Acici, an zo duba aiki? Kowa na yi wa Alhaji wani abu. Kai me za ka yi masa, ko naka na kullum, suɗe kwano?"

Matan suka kwashe da dariya. Ni kuwa kaina ya yi zafi, bakina ya riga hankalina.

"Farfesun kan sa zan dafa masa," na ce, "da ƙafafu huɗu. Da hannuna. Wanda ke wucewa ta kan gadar Wudil sai ya ji ƙamshinsa ya sauko daga mota."

"Kai? Ka taɓa dafa ko ruwan zafi?"

"Wanda ya ci kan sa ɗari ai ya san hanyarsa."

Ta ajiye rariya ta tafa hannu. "To, ku shaida. In baƙin Alhaji suka cinye shi tas, na daina ce maka acici har abada. In kuwa suka bar maka kayanka, wallahi sai na yi maka waƙar da za a yi daka da ita daga nan har Indabo."

Inna ta juyo. Kallona kawai ta yi, irin kallon da ake yi wa wanda ya ce zai tsallake kogi da damina a ƙafa.

Ranar Juma'a na shiga kasuwa wajen mahauta, na zaɓo kan wani bijimi da ban taɓa ganin irinsa ba. Da na ɗaure shi a bayan babur, ƙahoninsa suka tare titi, masu keke suna faɗawa kwata suna yi mini addu'a. Tun daga yammacin nan na daina cin komai. Na ce bari in share ciki, in yi wa gobe fili. Harshen san kuwa, tun a kasuwa na riga na yi masa alkawari: nawa ne, ba mai taɓa shi.

Asabar, ana sallame sallar asuba, na kafa duwatsun murhu a gefen gida, jikin katanga, na hura wuta na fara babbaka. Wanda bai taɓa babbake kan sa ba bai san wari ba. Gashin na ƙonewa, hayaƙin na shiga hanci yana fita ta kunne. Na kankare da wuƙa, na wanke, na sake babbakewa, na sake kankarewa. Ƙafafun sai da na gasa su na buge kofatan da bayan gatari. Kan kuma da na zo sara, gatarin ya yi tsalle ya dawo kamar ya bugi dutse. Kafin hantsi na yi baƙi ƙirin, idanuna sun yi jawur, wani maƙwabci ya wuce ya yi mini sallama da muryar da ake yi wa baƙo.

Na ɗora tukunyar ƙarfe wadda mutum biyu za su iya zama a ciki su yi hira. Na zuba citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, albasa, barkono, daddawa, da 'yar kanwa da Inna ta aiko mini ba tare da na tambaya ba. Ta fara tafasa. Jama'a, ƙamshin da ya tashi! Na yi rawa ni kaɗai a bakin murhu. Na ɗaga murya ta kan katanga.

"'Yar Kawu, kina ji? Fara haɗa kayan bakinki, yau zai tafi hutu!"

"Ina jin ƙauri dai," ta amsa. "Gemunka ne ko kan san?"

Fatar kan bijimi ba ta san gaggawa ba. Azahar ta yi tana nan kamar takalmin fade. Na ƙara itace, na ƙara ruwa, na ɗanɗana romo a tafin hannu. Na ƙara gishiri, na ɗanɗana. Na ƙara yaji, na ɗanɗana. In ban ɗanɗana sau hamsin ba, to, na yi sittin. Tururi na bugun fuskata, maiƙo ya kama gashin gira, rigata ta koma kamar an tsoma ta a tukunyar. Sallar azahar ma da na yi sujada, farfesu na ji a tabarma. Amma murna ba ta bar ni na lura da komai ba. Can dab da la'asar na soka tsinke a fatar, ya shige kamar a cikin fura. Na yi kabbara da ƙarfi har kajin gida suka watse.

Daidai lokacin aka fara jin odar motoci daga bakin hanya. Guɗa ta tashi a cikin gida. Baba ya fito daga mota cikin farar jallabiya, da rawani, da haƙorin Makka a baki yana walƙiya. Mutumin da shekara ashirin ban ga murmushinsa sau biyar ba, ranar bakinsa ya ƙi rufuwa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Barka da sauka, Alhaji."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Kai ne wannan? Gobara aka yi?"

"Liyafa ce, Alhaji. Da hannuna na yi maka."

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya. Bayan sallar la'asar dattawan unguwa da 'yan uwa suka zauna, aka raba dabino da zamzam, aka yi addu'a. Waina ta fito, tuwon shinkafa ya fito. Sannan ni da kaina na jero manyan kwanukan farfesu, romo ja yana sheƙi, nama yana rawa a kan ƙashi. Na ji ana cewa "masha Allah" ta ko'ina. Baba ya ja ni ya zaunar da ni kusa da shi, kwano ɗaya da shi da Kawu.

Kawu ya naɗe hannun riga ya ce, "To, mai girki, buɗe mana. Ai dama kai ne limamin kwano."

Na wanke hannu. Na miƙa shi. Ƙamshin ya daki hancina. Cikina, wanda tun jiya ban ba shi komai ba, ya ce mini a ƙoshe yake, har wuya. Na janye hannu na ɗora a gwiwa.

"Ku ci kawai," na ce. "Ni... na ƙoshi."

Da a ce cewa na yi jirgin Baba a bayan gida ya sauka, da ba a yi shirun da aka yi ba. Hannayen da suka kusa kai wa kwano suka tsaya a iska. Wani dattijo da ya riga ya ɗauki kunne ya mayar da shi a hankali.

"Ka me?" in ji Kawu.

"Na ƙoshi, Kawu."

"Tun da aka haife ka ban taɓa jin kalmar nan a bakinka ba." Ya sunkuya ya shinshina kwanon, ya ɗago. "A ina ka ɗora tukunyar?"

"Can jikin katanga."

"Jikin katanga. A rufe take ko a buɗe?"

"Ina buɗewa ina rufewa."

Kawu ya kalli dattawan, dattawan suka kalli katangar. Wani ya faɗi abin da kowa ke tunani, ƙasa-ƙasa: "Tsaka."

Shi ke nan. A garinmu ba wanda zai ci abincin da ake zaton tsaka ta faɗa ciki, ko da yunwa za ta kashe shi, don tun muna yara ake faɗa mana irin ciwon da take sa wa mutum a fata. Maganar ta zaga tabarmi kafin in rufe baki. Aka fara ture kwanuka da bayan hannu. Na rantse, na sake rantsewa, na ce ko ƙuda bai faɗa ba. Kawu ya ce, "To, ci mana."

Baba ya juyo, haƙorin Makka ya ɓuya. Ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji. "Yaro, mutanen nan saboda ni suka zo. In akwai wani abu, faɗa mini."

Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Na ɗauki tsoka guda na jefa a baki. Na tauna, na tauna, kamar ina tauna tayar babur ɗina. Ta ƙi wucewa. Idanuna suka kawo ruwa, fuskata ta yamutse, kowa na kallo. Da ban ci ba ma da ya fi. Daga cikin gida kuma sai na ji taɓarya ta fara sauka a turmi, tim, tim, da wata murya da na sani tana gwada kari. Turmin nan ba komai a cikinsa, na tabbata.

Sai muryar Inna ta fito daga cikin zaure. "Yaya, a miƙo mini kwanon nan."

Kawu ya ce, "Ke, ana maganar tsaka..."

"Na ji. A miƙo."

Ni na kai mata. Tana tsaye bayan ƙyaure, ta sa hannu ta ɗauki tsoka ta ci, ta kurɓi romo, ta sake ɗauka. Sannan ta ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Gishiri ya ɗan yi gaba, amma ya dahu. Yaya, ba wata tsaka. Yaron nan tun asuba hancinsa ke cin kan san nan, ina cikinsa zai sami wuri? Shekara nawa kana zuwa gidan nan cin tuwon salla? Ka taɓa ganin na kai loma baki ranar?"

Kawu ya ce, "Ai na ɗauka kawaici ne."

"Wane kawaici? Ƙamshi ne ke ƙosar da mutum. Ku da ake kawo muku a rufe da faifai ina za ku sani?"

Cikin gida ya ɗauki shewa, don duk matan sun san zancen. Baba ya fashe da dariya, haƙori ya dawo fili. Ya ce bismilla, ya tsoma hannu, ya ci, ya lumshe ido. "Kawunsa, in ba ka ci, turo mini gabanka."

Abin da ya biyo baya sai dai a ce yaƙi. Dattijon nan ya koma kan kunnensa. Ana fasa ƙashi, ana zuƙe ɓargo, ana kiran a ƙaro romo. Taɓarya ta yi shiru. Ni kuwa, acicin Wudil, ina zaune a tsakiya da dabino ɗaya a hannu, shi ma sai da na yi masa zama biyu. Kafin magariba tukunyar ta koma fes, har ana iya duba fuska a gindinta.

Washegari da safe yunwa ta tashe ni kamar an sako bijimin a cikina. Na ruga wajen tukunya, ba ko maiƙo. Na shiga ɗakin Inna kamar zan yi kuka. Ta sunkuya ta jawo wani ɗan kwano daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga faifai. Harshen ne, a cikin romo, ta riga ta ɗumama.

"Tun kafin ka kwashe na sa aka cire maka," ta ce. "Nan nake ajiye nawa duk salla. Sai gari ya waye nake sanin ko girkina ya yi daɗi."

Na tsaya ina kallon ƙarƙashin gadon. Sau nawa ina yaro na gano irin kwanon nan a wurin, na cinye, na goge baki, ina ganin na yi dabara? Na buɗe baki zan yi magana, ta ce, "Ci kafin ya huce."

Na zauna a bakin ƙofa ke nan sai ga taubashiyata da tsintsiya a hannu.

"'Yar Kawu," na ce, "alkawari fa. An cinye."

Ta leƙa kwanon. "Tas na ce. Wannan na hannunka mene ne?"

Ban tsaya gardama ba. Loma huɗu na yi wa harshen, na ɗaga kwanon na shanye romon, na sa yatsa na suɗe, na kife shi a gabanta.

"Yanzu fa?"

Ta jefar da tsintsiya tana dariya har da riƙe ciki. "Inna, kin gani ko? Waƙa dai na yafe masa, ya ci wannan. Amma wa zai kalli abin da na kalla yanzu ya kira mutumin nan da wani suna?"

Ba a taɓa yin daka da ni ba, daga Wudil har Indabo. Sunan kuwa yana nan. Bana ma da muka haɗu a wani taron suna, da furfurarta da tawa, tun daga bakin zaure ta fara kiran a ɓoye kwanuka.