Zanen Tafin Takalmin Baban Munzali

Munzali ɗan baduku ne daga Kano, yana sayar wa ɗalibai takalma a wani ɗan shago kusa da titin Jalan Semarak, a wata ƙasa mai nisa da gida. Mahaifinsa ba ya sakin takalmi sai ya yanka zanen ganyen dabino a tafinsa. Suna yara, shi da 'yan'uwansa sukan bi sawun mutane a rairayi suna cewa, "Wannan na Baba ne."

Da korona ta zo aka rufe shaguna, aka tsayar da jirage. A cikin kullen nan tsohon ya rasu, Munzali bai samu zuwa jana'iza ba. Ya ɗauko tsohon takalmi ɗinkin mahaifinsa da ya zo da shi daga gida, ya shafa wa tafin tawada, ya danna a takarda, ya daɗe yana kallo.

Malam Abdulwahidu, malamin shari'a da ke sayayya a wurinsa, ya kira shi ta'aziyya, hira ta kai su kan zanen.

"Ka yi masa rajista, Munzali. Ba takalmin doka za ta kare ba, adon kawai. Babu mai kwaikwayonsa a ƙasar nan sai da izininka."

Ya bi shawarar. Bayan an buɗe gari, wata ƙaramar masana'anta ta buga masa takalma masu zanen a tafi. Ya aika wa mahaifiyarsa hoton na farko.

"Ya yi kyau," in ji ta, "amma ya cika miƙewa. Hannun babanka yakan ɗan karkace."